Wai mu da ke bakin teku ba mu da bakin kukan ruwa

Har yanzu zuciyata tafasa take yi. Jiya na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu riƙe da gorar ruwan da na taro daga burtsatsen da aka haƙa mana dab da zaɓen da ya wuce, wanda aka rubuta sunan kansila ɓaro-ɓaro a jikin tankinsa. Zartsi ne tsagwaronsa. Sabulu ba ya kumfa a ciki, kan famfon tsatsa ta cinye shi, yaro ya kurɓa sai ya tofar. Takardar kokenmu kuwa ta daɗe a ofishin, da sa hannun dattawa da dangwalen matan da ba su iya rubutu ba.

Tun hantsi nake kan benci har rana ta take. Da masinja ya ce in shiga, na tarar da jami'in sashen ayyuka, yaron da a haife na haife shi, ya duƙufa yana latsa waya. Ga ɗaurin fostocin 'yan takara jingine a bayan kujerarsa, a cikin ofishin hukuma.

Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da aiki. Daga bakin teku nake, kan maganar ruwan da muka kawo takarda."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Fayil ɗinku yana sama."

Na ce, "Yallaɓai, sama wurin wa? Ko zan bi sawu."

Ya ce, "Baba, na ce maka yana sama."

Sai na buɗe gorar, na ajiye a gefen tebur, na ce don Allah ya ɗanɗana ko da a kan harshe ne, ya ji abin da 'ya'yanmu ke sha. A nan ne ya ɗago. Ya dubi gorar, ya dubi ƙafafuna da taɓon hanya ya bushe a kansu, sannan ya sa gindin biro ya ture ta can ƙarshen tebur, don kada hannunsa ya taɓa. Ya ce, "Ku da kuke kwana ku tashi cikin ruwa, ku ne masu kukan ruwa? Ga teku a ƙofarku." Ya waiga wajen abokin aikinsa, suka kwashe da dariya.

Na haɗiye, na ce, "Ɗana, ba a shan teku."

Ya ce, "To wa ya ce ku zauna a can? Ku hau tudu mana. Yanzu kowa zaɓe ya sa a gaba, ku dawo in an rantsar da sabon ciyaman." Ya koma kan wayarsa.

Wa ya ce mu zauna a can! Kaburburan kakanninmu suna can, wasu ma teku ta riga ta tone su. Rasit ɗin da yaran hukumar nan ke yanka mana kullum a matsayar kwale-kwale, kafin mu sauke ko kwando ɗaya, a can ake yanka shi. Ranar karɓar haraji ba wanda ya taɓa cewa garinmu ya yi nisa. Ranar zaɓe akwati yana isowa da sassafe, ko da an kwana ana ruwa. Sai ranar da muka zo da ƙishirwa ne muka zama waɗanda suka zauna a inda bai kamata ba.

Kuma mutumin da aka damƙa wa sashen ayyuka ya kamata ya san abin da kowane mai haƙar rijiya a gaɓar teku ya sani. A ƙarƙashin ƙasa ruwan daɗi yana kwance ne a kan na gishiri, saboda ya fi shi rashin nauyi. In ka zuƙe na sama da ƙarfi, na ƙasa ya biyo. Masana ruwa sun daɗe da lissafin: duk mita 1 da ruwan daɗi ya sauka, zartsi na iya hawowa kusan mita 40. Shi ya sa burtsatse mai zurfi da inji mai ƙarfi a dab da gaɓa ba ya haifar da komai sai gishiri, har ya lalata tsofaffin rijiyoyin da ke kewaye. Mun faɗa wa ɗan kwangila tun yana sauke kaya: a haƙa a tudu, a ja bututu zuwa gari, a kafa tankunan tara ruwan sama a makaranta da asibiti. Ya ce shi inda aka nuna masa zai haƙa. Inda aka nuna masa kuwa bakin hanya ne, inda duk mai wucewa zai karanta sunan kansila. Wannan gishirin ba ɗaci kawai yake yi a baki ba. A garuruwan gaɓar tekun Bangaladash likitoci sun gano alaƙa tsakanin shan irin wannan ruwa da hawan jini ga mata masu juna biyu. Matanmu da me suka fi nasu?

In ka yi maganar zaizaya, nan take su ce ai sauyin yanayi ne, abin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Mun ji. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce teku ta ƙaru da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma hawan sai ƙara sauri yake yi. Ba wanda ya ce kansila ya tsayar da teku. Amma tifofin da ke shigowa da asuba suna kwashe yashin gaɓa fa, su ma sauyin yanayi ne ya turo su? Yashin nan shi ne katangarmu, a kansa igiyar ruwa ke karya ƙarfinta kafin ta iso gidaje. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duniya na cin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara, kuma a 2022 ta ba da shawarar a hana ɗibarsa daga bakin teku. Mu a nan shinge aka kafa a hanya, ana karɓar kuɗin kowace tifa ana ɗaga mata sanda. Itatuwan mangurof da saiwoyinsu ke riƙe laka, inda ƙananan kifi ke girma, ana sare su ana cike wurin ana yanka filaye. Da hannun hukuma ake rushe mana katanga, sannan a ce laifin sama ne.

Hanya kuwa ba sai na faɗa ba. Teku ta cika, kwalbati ya nutse, mai naƙuda sai a kwale-kwale cikin dare. Kifi ya kwana babu ƙanƙara, gari ya waye dillali ya saya yadda ya ga dama, ragowar a zubar. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 35 cikin 100 na kifin da ake samu yana tafiya a asara, alhali ƙananan masunta irinmu ne ke kamo kusan kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya. Ɗakin sanyi guda mai aiki da hasken rana a matsaya zai canza rayuwar gari. An yi mana alkawarinsa har mun haddace.

To ku duba fostocin bana. Wannan zai gina ƙofar shiga gari. Wancan zai sabunta zauren taro na hedikwata, ya sa fitilu a titin gidan ciyaman. Ko ɗaya babu wanda ya rubuta kalmar teku. Ba su san lokacin da take cika ba, ba su san lokacin da take janyewa ba, da rani suke zuwa cikin jerin motoci su tsaya inda kwalta ta ƙare a kira mu.

Ba su kaɗai ba ne. Gwamnatocin da ke sama sun mai da ƙananan hukumomi wurin ajiye yaransu. Mutumin da aka ɗauko daga birni aka ɗora, wanda ya san ba ƙuri'armu ce ta kai shi ba, don me zai ji tsoronmu? Ana zama a manyan otal ana taron kare gaɓar teku, ana cin kuɗin zama da sunanmu, ba a taɓa gayyatar masunci ɗaya ya faɗi inda ruwa ya tsaya bara da inda ya tsaya bana ba. In manyan jirage masu jan taru suka shigo ruwan da aka keɓe wa ƙananan masunta suka yayyaga mana koma, ƙaramar hukuma ta ce ba huruminta ba ne, ta sama ta ce a rubuto. Kowa na da hurumin karɓa, ba mai hurumin gyara.

Mu ma da namu, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Samarinmu ne ke loda wa tifofin nan yashi da shebur, suna haƙe ƙarƙashin ɗakunan iyayensu saboda ladan yini. Dattawan da suka sa hannu a takardar koke, wasunsu za ka gani a sahun gaba ranar gangami, sanye da hula mai hoton ɗan takara, suna tafi. Matan da ke tafiya mai nisa da jarka a ka su ne za a tara su yi layi a rana don a ɗauki hoto. Kowa a bayan fage yana zagi, gaban ɗan takara kuwa sai "Allah ya ja zamaninka". In wani ya miƙe zai yi tambaya, 'yan uwansa ne za su fara jan rigarsa, wai kada ya ɓata mana da manya. Wane alheri manyan suka yi mana da ake tsoron ɓatawa?

Ni dai duk ɗan takarar da ya shigo garin nan, kansila ko ciyaman, zan miƙe a gaban jama'a in tambaye shi tifa nawa ke fita da yashinmu a rana, nawa ake karɓa a kan kowace, aljihun wa kuɗin ke shiga, kuma ranar da zai cire shingen nan ya hana ɗiba. Wanda zai ja rigata ya zo da ƙarfinsa.