Sabon Faifai Ya Shigo, Tsoho Ya Yi Yaji

Tsohon faifan ajiyar kwamfutata irin mai juyawa ne, zagaye 7,200 a minti ɗaya, kuma kowane zagaye sai ya sanar da maƙwabta. In na kunna ta sai ta ɗauki gurnani kamar injin niƙa, ni kuwa in zauna ina tufka da warwara kafin ta buɗe ido. Da haƙuri ya ƙare sai na samo SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri wanda ba ya juyawa, mai gigabayit 500, irin na M.2 ɗin nan da ake kira 2280, wato faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80. Ɗan siriri, ba ya buƙatar waya ko ɗaya. A karkace ake zura shi a raminsa kan madabod (babban farantin da kayan cikin kwamfuta ke jone a kansa), a danna shi ya kwanta, a ɗaure da sukuru guda.

Wannan sukuru, wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin yatsun babban mutum ba. Ina ɗora shi a bakin sukurudireba ya sulale cikin akwatin ya yi ɓatan dabo. Barinsa a ciki ba zai yiwu ba, don ƙarfe ne, in ya haɗa wurare biyu a madabod sai a ji ƙauri. Haka na ɗaga akwatin sama ina girgizawa, ga tocila a baki, har uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, lafiya dai ko?" Na gyaɗa kai, tunda bakin ba sarari.

Na ɗaure, na rufe, na kunna. Allo baƙi ƙirin, sai layi ɗaya da ke cewa ba a sami faifan da za a tashi da shi ba. Na sake kunnawa ina dannan maɓallin Delete babu ƙaƙƙautawa har BIOS, shafin saitin madabod, ya buɗe. Ga sabon faifai nan da sunansa, ya miƙe ƙafa. Tsohon kuwa, mai ɗauke da Windows da hotuna da duk takardun aikina, ko sama ko ƙasa.

Gumi ya karyo mini. Na kara kunne a jikin akwatin, abin mamaki ina jin tsohon yana juyawa abinsa. Yana da rai, magana ce dai ya daina yi da kowa. Sabon kuma ba abin da ke motsi a cikinsa, ko lafiyarsa lau ko ya mutu shirun ɗaya ne. Na canja wayar SATA da ke haɗa tsohon da madabod, na cire ta wuta na mayar, na hure ƙurar da ba ta yi wa kowa laifi ba. Uwargida ta yanke hukunci daga bakin ƙofa: "Kishi ne."

Ashe ba ta yi nisa da gaskiya ba. A ɗan littafin madabod, can ƙasan shafi da rubutun da sai an runtse ido, an ce ramin M.2 hanya ɗaya yake bi da biyu daga cikin ramukan SATA, da zarar an sa masa faifai sai su rufe. Madabod da yawa haka suke, lambar ramukan ce ke bambanta. Tsohona kuwa a ɗaya daga cikin biyun yake jone. Na mai da wayarsa rami na farko, sai ga gurnani, sai ga Windows. Ban taɓa jin daɗin wannan ƙara ba sai ranar.

Na buɗe jerin faifai don in yi wa baƙo barka da zuwa. Babu shi! BIOS na ganinsa, nan kuma ko inuwarsa. Sabon faifai fil ba ya fitowa sai an shiga Disk Management, sashen kula da faifai na Windows, an shirya shi. Ina shiga aka tare ni da tambayar tsarin da za a raba faifan da shi: GPT ko MBR? MBR tsohon tsari ne da ba ya wuce terabayit 2, don haka na zaɓi GPT da fuskar wanda ya daɗe da sani. Na yanka masa fili, na tsara shi da NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, na ba shi harafin E.

Ya bayyana, amma da gigabayit 465. Ina sauran 35? Har na fara haɗa kalaman da zan yi wa wanda ya sayar mini, sai lissafi ya kashe mini baki: masu ƙera faifai da 1,000 suke ƙirga, Windows kuma da 1,024. Ba a ɗebi ko ƙwaya ba.

Na gyara zama, na kira uwargida ta zo ta ga gudu. Na kashe, na kunna. Gurnani ya tashi yadda ya saba, muka zauna muna kallon allo. Windows na nan daram a kan tsohon faifai, sabon kuwa wayam, sai an kwafe komai an mayar kansa, a koma BIOS a sa shi a gaba.

Ta miƙe ta ce, "In ya fara gudun ka aiko a kira ni."