Saƙon yana Dublin, alƙalin yana New York

Bara wani ya buɗe shafi da hoton ƙanwata, ya riƙa tura wa mutane maganganun banza da sunanta, har magana ta kai kunnen dangin mijinta. Da muka kai ƙara, jami'in ya juya wayar, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, kamfanin ne kaɗai ya san mai shafin nan, kamfanin kuma yana Amurka." Na fito raina a ɓace, amma ba ƙarya ya yi ba. Lambar da aka buɗe shafin da ita, da inda ake shigarsa, duk suna ajiye a wata kwamfuta a ƙetare.

Su ma Amurkawan sun sha wannan ciwon kai. A ƙarshen 2013 wani alƙali a New York ya umarci Microsoft ya miƙa saƙonnin imel na wani da ake zargi da harkar ƙwaya. Kamfanin ya ce saƙonnin suna Dublin, ƙasar Ayalan, umarnin alƙalin Amurka kuwa ba ya tsallaka teku. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a 2016. Ana cikin shari'a a Kotun Ƙoli sai majalisa ta yanke igiyar a watan Maris 2018 da dokar CLOUD Act: muddin kamfani yana ƙarƙashin dokar Amurka, ko a ina ya ajiye bayanai sai ya kawo su. Dokar ta kuma buɗe ƙofar yarjejeniya da wasu ƙasashe, yadda jami'ansu za su nemi bayanai kai tsaye daga kamfanin, maimakon tsohuwar hanyar da gwamnati ke rubuta wa gwamnati, takarda ta yi watanni a kan tebur. Birtaniya ta sa hannu a Oktoba 2019, abin ya fara aiki a Oktoba 2022. Ostareliya ta biyo baya.

To, ni da aka ci zarafin 'yar uwata, ai kamata ya yi in ce Allah ya kawo mana irin wannan gobe da safe. Ina so ɗin, wallahi. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Mun ga yadda sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu sukar gwamnoni, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, kafin a taɓa shi a 2024. Hannun da ya yi wannan ne za a miƙa wa makullin akwatin saƙonnin kowa?

Ku duba yadda Birtaniyar ta ɗaure abin. A dokarsu ta 2019 ɗan sanda ba ya rubuta wa kamfani da kansa, sai ya tsaya gaban alƙali ya nuna babban laifi ake bincike. A yarjejeniyar kuma Birtaniya na iya hana a yi amfani da bayananta a shari'ar da ke da hukuncin kisa, Amurka ita ma ta riƙe irin wannan dama kan shari'ar da ta taɓa 'yancin magana. Aminan juna ke nan fa, amma kowa bai saki jiki ba.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Budapest kan laifukan intanet a 2022, don haka maganar tana tafe. In ta iso, ni dai sa hannun alƙalin babbar kotu nake son gani a kan kowace takarda, ba tambarin DPO ba.

Shafin nan kuwa, sai da ƙawayenta suka yi ta kai rahotonsa kafin a rufe shi. Har yau ba mu san ko waye ba, ita kuma ta daina sa hotonta a ko'ina.