Wasiyyar Seth Hubbard: kyauta ce ko biyan bashi?

Tun da littafin Sycamore Row na John Grisham ya fito a 2013, masu karatu ba su daina jayayya a kansa ba. Wasu na ƙorafin ya cika jan ƙafa, wasu na cewa shari'ar gado dama ba ta san gaggawa ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukuncin da ake yanke wa mamacin.

Labarin a jihar Mississippi ta Amurka yake, a 1988. Seth Hubbard, attajiri farar fata da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ya rubuta wasiyya da hannunsa, sannan ya rataye kansa. Dukiyar ta haura dala miliyan 20. Ya bar wa Lettie Lang, baƙar fata mai yi masa aikin gida, kashi 90 cikin 100, 'ya'yansa biyu kuwa ko sisi. Dokar jihar ta amince da wasiyyar da mutum ya rubuta da hannunsa ko babu shaidu, kuma a can uba na da ikon hana ɗansa gado.

Na ara wa wani abokina littafin. Bai kai rabi ba ya dawo da shi, ya ajiye mini a kan tabarma ya ce, "Malam, wannan ai zalunci ne tsagwaronsa." Yana da hujja. Mun tashi da hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas: wasiyya ba ta wuce sulusi, sulusin ma da yawa. Shi ya sa ba na tare da masu tafa wa Seth don kawai 'ya'yansa, Herschel da Ramona, sun yi watsi da shi yana raye. Rashin kirkin ɗa ba ya cinye rabonsa.

Sai dai abokina ya yi saurin yanke hukunci, kuma wanda bai karanta ba ya yi mini afuwa, zan fasa ƙwai. A ƙarshen shari'ar da aka yi kan wasiyyar, shaidar Ancil, ƙanin Seth, ta tono abin da aka binne. A 1930 mahaifinsu ya jagoranci rataye Sylvester Rinds, kakan Lettie, aka ƙwace masa fili eka 80. Seth da Ancil suna yara, a ɓoye suka ga komai. A bishiyar da aka rataye Sylvester ɗin Seth ya je ya rataye kansa.

Daga nan magana ta tashi daga kyauta ta koma haƙƙi. Ko a wajenmu, ba a taɓa gado sai an yi wa mamaci sutura, an biya bashinsa, an fitar da wasiyya. Abin da aka ƙwata kuwa ba ya halatta don ya daɗe a gida, mai shi ake mayar wa.

Duk da haka ban wanke Seth ba. Kashi 90 ya zarce ƙimar filin nesa ba kusa ba, kuma ɓoye dalilinsa da ya yi shi ya jefa Lettie bakin duniya. Lauyoyi suka yi ta zarginta da yaudarar tsoho marar lafiya, gari ya ɗauka da tsegumi, ita kuwa ba ta ma san abin da ya sa aka ba ta ba. Layi biyu a takardar nan da sun raba ta da wannan wulaƙanci.

Na mayar wa abokina littafin a makon jiya, na roƙe shi ya kai ƙarshe kafin mu sake zama.