Malamin Da Ya Guji Mai Farfaɗiya Ya Koya Wa Ajinsa Gudu

A makarantun firamare da dama na karkarar Kano da Jigawa, idan farfaɗiya ta kayar da yaro a aji, sai yara su watse ta ƙofa da taga. Malam ya ja da baya yana salati, wani ya ruga neman cokali, wani ya ce a yi hayaƙi. Kwana biyu hedimasta ya aika a kira uban yaron, ya ce masa, "Malam, a bar shi a gida har Allah ya kawo sauƙi." Sau da yawa ƙarshen karatun ke nan, balle in yarinya ce.

Ban ɗauki wannan a matsayin mugunta ba. Malamin ma ya taso yana jin cewa kumfar bakin mai farfaɗiya tana yaɗa ciwon, ko kuma bugun aljani ne. Amma farfaɗiya lalura ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko cin tuwo a kwano ɗaya. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai doguwar naƙuda, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da buguwar kai a haɗarin babur. Duk waɗannan ba baƙi ba ne a ƙauyukanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon kuma an ba su magani daidai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nau'in da ba ya kayar da yaro. Sai ka ga ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, ba ya jin kira, sannan ya dawo bai san an wuce shi ba. Yana iya faruwa sau da yawa a wuni guda. Malamin da bai san wannan ba zai kira shi daƙiƙi ko mai taurin kai, ya sa masa bulala a kan ciwon da ko iyayensa ba su gane ba. Alhali malamin ne ya fi kowa damar lura, tunda shi ke kallon fuskar yaron tun safe har a tashi.

Taimakon kuwa ba ya cin ko kwabo. A janye benci, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa cokali a bakinsa, domin haƙora yake karyawa, kuma mutum ba ya haɗiye harshensa. In jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. Yaran da suka ga malaminsu ya durƙusa ya taimaki ɗan'uwansu, gobe za su yarda su zauna kusa da shi.

Masu kafa hujja da addini su tuna matar nan mai farfaɗiya da ta je wurin Manzon Allah (SAW). Ya saurare ta, ya yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri, ya kuma roƙa mata Allah ya kiyaye tsiraicinta. Ba a kore ta daga cikin jama'a ba. Kuma tofi bai hana shan magani ba.

Ya kamata kwalejojin ilimi na Gumel da Kumbotso su sa wannan cikin horon da suke bai wa malamai. Hukumomin ilimin bai-ɗaya (SUBEB) na jihohin biyu kuma su ware masa ko da awa ɗaya a taron bitar malamai, su gayyato ma'aikacin lafiya na yankin ya nuna shi a aikace, sannan su haramta wa hedimastoci mayar da yaro gida saboda farfaɗiya.