Ekonometri: a koyar da shi da farashin hatsinmu

Duk ɗan kasuwar hatsi a Maraɗi ya san cewa in naira ta faɗi, farashi kan motsa. Tambaye shi sefa nawa tiya za ta motsa, kuma bayan mako nawa, sai ya ce sai Allah. Amsa irin wannan tambaya shi ne aikin ekonometri, darasin da ɗaliban tattalin arziki da yawa ke jin tsoronsa. A ganina, yadda ake koyar da shi ne ya jawo tsoron.

Yaro ya haddace ƙa'idoji daga allo, ya zuba alƙaluman wata ƙasa a manhajar lissafi ta Stata ko EViews, kwamfuta ta ja masa layi, ya kwafe a kundinsa ba tare da ya san abin da layin ke nufi ba. Ba shi alƙaluman ruwan sama da na farashin hatsi wata-wata, lissafi zai nuna masa ruwa ne ke tsadar da hatsi, tunda a watan Yuli da Agusta su biyun suke tashi. Manomin Dakoro kuwa ya san rumbu ne ya yi ƙasa kafin kaka. Raba abin da ya haddasa abu da wanda ya zo tare da shi kawai, nan ne zuciyar wannan ilimi, kuma da kayan gida aka fi saurin gane shi.

An ma taɓa gwadawa da kasuwanninmu. Tsakanin 2001 da 2006 wayar salula ta riƙa shiga garuruwan Nijar ɗaya bayan ɗaya. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta kwatanta kasuwannin da layin waya ya isa da waɗanda bai isa ba, kafin zuwansa da bayansa. Binciken da ta fitar a 2010 ya nuna waya ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Yana yi mini ciwo cewa irin wannan aiki bai zama ruwan dare a hannun 'ya'yanmu ba.

Ga dama a ƙofar gida. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023. Me hakan ya yi wa farashin wake a Ɗan Isa, garin bakin iyaka, in aka gwada da garuruwan da ke nesa da iyaka? Ɗalibin aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi yana da tasa tambayar: takin zamani ne ya ƙara amfani, ko mai halin sayen taki dama shi ke da gona mai kyau da shanun huɗa?

Wasu za su ce tushen lissafin yaran ba shi da ƙarfi. Gaskiya ne, kuma ban ce a sassauta ba, dole su sha aljebra da ƙididdiga. Amma manhajar R kyauta ce, SIMA kuma, hukumar bayanan kasuwannin amfanin gona ta Nijar, ta daɗe tana tattara farashin kasuwanni. Malamai su nemo waɗannan alƙaluma su kawo aji, su kuma tura kowane ɗalibi ya zauna da dillalan hatsi kafin ya taɓa kwamfuta.