Kafin ka rabu da Sienna ka sayi jif mai layin kujeru uku

Tun 2016 nake hawa Toyota Sienna ƙirar 2008. Ta Kwatano aka shigo mini da ita, watanni kaɗan kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu a farkon 2017, kuma daga ranar zuwa yau ita ce motar kai yara makaranta, ita ce ta asibiti, ita ce ta biki da gaisuwar mutuwa, har ragon layya ta sha ɗauko mana daga Zango. Yanzu tsufa ya fara kama ta. Ƙofar dama mai ja ta daina buɗe kanta da kanta, fentin saman ya ƙone da rana, kuma duk ramin da muka faɗa sai ƙafar gaba ta amsa. Da na fara maganar sauya mota, kusan duk wanda na tuntuɓa amsarsa ɗaya ce: "Alhaji, ai ka wuce hawa Sienna. Ka nemi Highlander ko Pilot, su ma layin kujeru uku gare su, ga kuma kwarjini."

Na san inda maganar ta samo asali, domin ni ma tana yi mini ciwo. A garin nan na Kaduna Sienna ta zama motar haya. Wanda ya leƙa tashar Kawo ko ta Mando ko garejin Television zai gan su jere, ana lodin Abuja da Kano da Jos. Sau da yawa idan na rage gudu a ƙarƙashin gadar Kawo sai na ga mai jaka ya ɗago mini hannu yana tambayar ko Zariya za ni. Wata rana na kai iyalina ɗaurin aure da walima a wani gida a Malali, maigadi ya leƙo ta taga ya ce mini, cikin ladabi kuwa, in sauke su in juya, saboda filin ciki na baƙi ne. Ga babbar rigata, ga hula zanna, amma motar ta riga ta gaya masa ko ni wane ne. Saboda haka ba zan yi ƙaryar cewa maganar kwarjini ba ta shiga raina ba.

Allah da ikonsa, sai ƙanin matata zai tafi Umara, ya bar mini makullin Highlander ɗinsa ƙirar 2012 na mako biyu, ya ce in riƙa tayar da ita kada batir ya mutu. Na ajiye Sienna, na ce bari in gwada rayuwar da ake kwaɗaita mini, gani ya kori ji. A gidana mu takwas ne: ni, da uwargida, da yara biyar, da mahaifiyata Hajiya da ke zaune tare da mu. Tun daga nan lissafi ya fara ƙin fita, domin Sienna ɗina mai kujera takwas ce, Highlander ta wannan ƙirar kuwa bakwai take ɗauka, layin bayanta na mutum biyu ne kacal. Na ce ba komai, babban yaron yana makarantar kwana, mu bakwai ne a lokacin.

Ranar Asabar muka shirya zuwa Zariya sunan 'yar ƙanwata, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba. Na ɗago kujerun baya, yara biyu suka shiga, sannan na buɗe but domin loda kaya, sai na tsaya ina kallon abin da ya rage. Fili ne da bai fi a jera jakunkunan makaranta uku a tsaye ba. A ƙasa kuwa ga babbar kula ta shinkafa, ga ƙaramar kula ta miya, ga jarkar zoɓo, ga Ghana-must-go na kayan jarirai da uwargida ta haɗa, ga akwatin Hajiya domin ita kwana biyu za ta yi, ga katan biyu na lemo. Babbar kular ta shiga, amma murfin but ya ƙi rufuwa, sai da muka fitar da ita muka ɗora a cinyar 'yata ta biyu. Akwatin Hajiya ya zauna a tsakanin ƙafafun yara. Katan ɗaya na lemo a gida muka bar shi. Duk wannan kaya, da ma fiye da shi, a Sienna sai in zuba su a ramin nan da ke bayan kujerun ƙarshe in rufe, ba tare da kowa ya ɗauki ko leda a cinyarsa ba.

Da muka dawo na duba alƙaluman da kamfanin da kansa ya bayar, sai na ga ba idona ne ya ruɗe ni ba. Idan an ɗago layi na uku, wurin kaya a Highlander ta 2008 zuwa 2013 kimanin lita 290 ne, a wadda ta biyo bayanta ta 2014 zuwa 2019 ya ƙaru zuwa kimanin lita 390. A Sienna kuwa, ko ta 2004 zuwa 2010 ko ta 2011 zuwa 2020, ya haura lita 1,100. Wato ninki uku, ko ma kusan huɗu. Dalilin ba boyayye ba ne. Tsawon Sienna ya kai kimanin mita 5.1, Highlander ta 2012 kuwa ba ta cika mita 4.8 ba, sannan dogon hancinta ya cinye wani ɓangare na wannan tsawon. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda aka tsara ƙasan motocin biyu. A Sienna an haƙa rami mai zurfi a baya, wanda kujerun ƙarshe ke naɗewa su shige ciki idan ba a buƙatarsu, idan kuma an ɗago su ramin ya zama rumbun kaya. A jif kuwa an ɗaga daɓen motar sama domin a bar wa kayan ƙafar baya da safayar taya wuri a ƙarƙashi, don haka babu inda za a haƙa.

Wannan ɗaga daɓen shi ne kuma ya lalata zaman layi na uku. Ni da kaina na shiga na zauna domin in ji abin da yara ke ji. Kujerar tana kusa da ƙasa sosai, sai gwiwoyina suka taso kusan daidai ƙirjina kamar mai zaman tsugune a gaban tukunya, kaina kuma bai fi ɗani ɗaya da gilashin baya ba. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas zai zauna lafiya har Zariya. Budurwa 'yar shekara goma sha biyar da doguwar rigarta da hijabinta ba za ta kai Jaji ba sai ta fara neman inda za ta miƙe ƙafa. Shigar ma aiki ne: sai an sauko da na layi na biyu, an ture kujerarsa gaba, sannan mutum ya sunkuya ya kutsa. A ganina, layi na uku a irin wannan jif kujerar ko-ta-kwana ce, ta ranar da baƙo ya ƙaru ba zato. Wanda gidansa ke cika kujeru bakwai kullum safiya, kamar ni, yana buƙatar kujera ta gaske.

Sai maganar Hajiya, wadda ita ce ta fi taɓa ni. Tana fama da ciwon gwiwa, kuma a Sienna ƙofa takan ja baya gaba ɗaya, daɓen yana ƙasa, ta dafa ta ɗaga ƙafa kaɗan ta zauna. A jif sai da na riƙe mata hannu, jikarta ta tallafe ta ta baya, zaninta yana neman sarƙewa a dokin ƙofa. Da ta zauna ta numfasa, sai ta ce, "Kai ɗan nan, wannan mota ko raƙumi?" A hanyar dawowa daga baya da na je ɗauko ta, cewa ta yi in zo da tawa.

Ƙofa mai ja tana da wani amfanin da ba a lura da shi sai an rasa ta. A bakin makaranta da ƙarfe biyu na rana, motoci sun matse, Keke da masu babura suna kutsawa ta ko'ina, yaro ya banko ƙofar jif da ƙarfinsa, ko dai ta daki motar maƙwabci ko mai babur ya kwashe ta. A makonni biyun nan sau biyu ina ba da haƙuri. Gaskiya ita ma ƙofar ja tana da nata ciwon kan, musamman mai aiki da lantarki: ƙurar hunturu tana taruwa a layin da take gudu a kai, wayar da ke janta tana cinyewa da shekaru, kamar yadda tawa ta yi. Amma ko ta lalace ana iya janta da hannu, kuma gyara ne na rana ɗaya.

Ban zo in yi wa jif rashin adalci ba, domin akwai wurin da ta yi wa Sienna fintinkau, kuma wuri ne mai muhimmanci a garin nan. Tazarar cikinta da ƙasa ta kai kimanin santimita 20, ta Sienna kuwa kusan 17. Wani zai ce santimita uku ai ba komai ba ne, amma ga gajartar jiki da ta tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, ga kuma gemun gaba da ke sama, sai bambancin ya zama babba. Ina da fili a wata sabuwar unguwa ta wajen Millennium City, inda kwalta ta ƙare tun kafin a kai layinmu. Da damina, idan na shiga da Sienna cike da mutane, cikinta yana gurzar ƙasa a kowane kwari, salansa ta sha duka har ba na ƙirgawa. Da Highlander na wuce wurin nan ban ji ko ƙwas ba. Haka nan manyan tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, waɗanda wasu sun kusa kai katangar makabarta tsawo. An gyara manyan titunan cikin gari da yawa daga 2019 zuwa yau, amma mafi yawanmu ba a bakin babban titi muke kwana ba. Wanda ke zaune a can cikin Rigasa ko Hayin Ɗanmani ko Rigachikun, ko wanda ke zuwa ƙauye duk mako, idan ya zaɓi jif ba zan ce ya yi kuskure ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai kada a ɗauka Highlander motar daji ce. Bakanikena da ke Panteka ya daɗe yana gaya mini cewa Camry ce aka ɗora wa doguwar riga, kuma maganarsa tana kan hanya, domin a kan tsarin Camry aka fara gina ta, jikinta da shasinta a haɗe suke, ba kamar Prado ko Land Cruiser masu shasin ƙarfe daban ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su ma tayoyin gaba kawai ke ja. Ita kuma Prado wani aji ne daban na kuɗi da na shan mai, layinta na uku kuma bai fi na Highlander daɗin zama ba. Tsayin da ke taimakon jif a kwari kuwa shi ne ke sa ta fi lanƙwasa a kwana idan ana gudu, balle a ce an ɗora kariya a sama an loda mata kayan da but ya ƙi ɗauka, wanda shi ne abin da mai iyali zai ƙare da yi.

Ta fuskar aljihu ban ga inda jif ta sauƙaƙa mini ba. Inji ɗaya ne a cikin motocin biyu, wato V6 mai lita 3.5 da ake kira 2GR, wanda Sienna ta fara amfani da shi a ƙirar 2007, Highlander kuma a ta 2008, har ma a masana'anta ɗaya ta jihar Indiana a Amurka ake haɗa Sienna ɗina da Highlander ɗin surukina. Don haka shan mansu kusan ɗaya ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 babu mai V6 da ke shiga gidan mai yana murmushi. Kayan gyaran inji suna nan a Oriakpata da Panteka ga duka biyun. Inda suka rabu shi ne taya da kuma farashin saye: tawa tana hawa rim 16, ta surukina 19, kuma duk wanda ya taɓa sauya taya huɗu a lokaci ɗaya ya san abin da wannan ke nufi. A wurin dillalai kuwa, jif mai shekaru ɗaya da Sienna kusan kullum ta fi ta tsada. Ashe ke nan zan ƙara kuɗi ne in rage kujera ɗaya, in rage kashi biyu cikin uku na wurin kaya, in sami santimita uku da gaisuwar maigadi.

Da iyalina mutum biyar ne, da ban tsaya dogon tunani ba, domin idan aka kwantar da layin baya Highlander tana da but mai faɗi, tana da daɗin tuƙi, kuma ta fi sauƙin juyawa a lungu da samun wurin ajiyewa a Kasuwar Barci. Mu takwas ne, kuma yaran girma suke yi, ba ƙanƙancewa ba.

Ranar da surukina ya dawo na wanke masa motarsa, na cika tanki, na mayar masa da makulli tare da godiya. Washegari na kai Sienna Panteka aka sauya wayar ƙofa da shokozoba na gaba. Na kuma gaya wa dillalin da ke nema mini mota ya daina turo mini hotunan jif, ya nemo Sienna daga ƙirar 2011 zuwa sama, mai kujera takwas, kuma kada ya kawo mai jan ƙafa huɗu, domin irinta ba ta zuwa da safayar taya, ni kuwa ba zan hau hanyar Abuja da Hajiya da yara biyar ba tare da safaya ba. Ya ce, "Alhaji, direbobin tasha ne fa ke rububin irin wannan, sai ka ƙara kuɗi." Na ce masa ya nemo, zan ƙara.