Ɗan Boko da Kwalbar Faransa

Ɗan Boko: Baba Kuku, sauko min da kwalbar giyar inabin nan ta kan firji. Shekara 20 ke nan, yau ta nuna.

Kuku: Maigida, a tsaye ta yi shekara 20?

Ɗan Boko: To da kwanciya za ta yi? Mara lafiya ce?

Kuku: Kwantar da ita ake yi, don ruwan ya riƙa jiƙa toshiyar. In ta bushe sai ta tsuke, iska ta shiga. Turawan da na yi wa aiki a ɗaki mai duhu suke ajiyewa, sanyi digiri 12 zuwa 14. Nan Yamai kuwa a watan Afrilu ana wuce 40.

Ɗan Boko: Akwai na'urar sanyaya ɗaki!

Kuku: Akwai na'ura, wutar ce sai an yi mata addu'a.

(Nan fa Maigida ya gyara tabarau, wanda ba na magani ba ne.)

Ɗan Boko: Ni da na taka Bordo, garin giyar inabi na Faransa, da ƙafata za ka koya wa? Giyar inabi duk daɗewarta duk daɗinta.

Kuku: Ba kowace ba. Ta Bordo mai jure shekaru galibi daga inabin Cabernet Sauvignon take, mai kaurin ɓawo, baurinsa kamar na ɗanyen goro. Takan yi wata 18 ko fi a gangar katako mai lita 225. Baurin nan ne ke laushi da shekaru. Taka kuwa an rubuta Beaujolais Nouveau. Ranar Alhamis ta uku a Nuwamba ake fito da ita, a shanye cikin 'yan watanni.

Ɗan Boko: Tawa ta musamman ce. Buɗe!

Kuku: Dubi, ruwan ya sauka ƙasa da kafaɗar kwalba, ga danƙo ya tsiyayo a wuya. Zafi ya dafa ta. Toshiyar ma ta marmashe.

Maigida ya girgiza kwalbar wai don ƙamshi ya tashi. Kuku ya dafe kai, domin tsohuwar giya tsayar da ita ake yi kwana ɗaya lakar ta kwanta, a tsiyaye a hankali gaban kyandir, da an ga laka ta iso wuya a dakata.

Ɗan Boko: Kalli launi! Ja na manya.

Kuku: Mai kyau launin jan bulo take komawa daga gefe. Wannan ruwan kwata ce.

Maigida ya kurɓa. Ido ya kawo ruwa.

Ɗan Boko: Hmm... akwai... zurfi. Ka ɗanɗana.

Kuku: A'uzubillahi! Ni hancina kawai ke aiki, kuma daga nan nake jin binega. Tofar, Maigida, masana ma tofarwa suke yi.

Ɗan Boko: Ai na sani, gwada ka nake yi. Rufe ta, ba ta gama nuna ba. A ƙara mata shekara 5.

Kuku: A kan firjin?

Ɗan Boko: Kusa da taga, ta riƙa samun rana.